Citta da kurkum a kan cutar MS: a aika mata ko a bari?

Maman Nabila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya sani ya yi magana. Ƙanwata tana aure a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan, shekararta 29. Bara idonta na hagu ya dushe, in ta juya shi sai ya yi mata zafi, bayan 'yan makonni ya washe da kansa. Bana kuma ƙafafunta suka sage, tana jin kamar kiyashi na bin su. Aka yi mata hoton MRI, aka ɗebi ruwan bayanta, likitoci suka ce maltiful siklerosis ce, wadda suke taƙaitawa da MS. Yanzu duk mako huɗu ana yi mata ƙarin wani ruwa mai suna natalizumab. To akwai wani bidiyo da ke yawo, inda wani ke rantsuwa cewa citta da kurkum da danginsu suna raba mutum da cutar gaba ɗaya. Hajiyarmu ta gani, ta sa an daka garin citta mai yatsu da kurkum da masoro, mai tafiya kawai take jira. Ita kuma yarinyar ta fara cewa ta gaji da zaryar asibiti. Me kuka sani a kai?

Ummu Khairat: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ce.

Baban Twins: Amin. Ni yau na fara jin sunan cutar ma.

Alhaji Na Kurmi: Hajiya, ki gaishe da tsohuwa, ki ce mata hannunta ya kai inda ya dace. Wannan abin sanyi ne ya kama jijiya. Yarinyar da ta tashi a Zariya aka kai ta inda rana ba ta fitowa, me ake jira? Citta tana korar sanyi, tana buɗe jijiya, tana ƙarfafa garkuwar jiki. Kurkum kuma, wanda wasu ke ce wa gangamau, yana wanke jini. Tun ina yaro nake rumfar mahaifina ina ganin masu sagewar ƙafa suna sha suna miƙewa. A ƙara mata da citta mai 'ya'ya, ta riƙa yin sirace da dafaffen ruwan safe da yamma. Ban ce ta zagi likita ba, amma maganin Bature danne ciwo yake yi, namu kuwa fitar da shi yake.

Dakta Shehu: Baba Alhaji, ranka ya daɗe, da girmanka zan saɓa maka, kuma zan ɗan tsawaita saboda maganar ta kai a tsawaita.

Jijiyoyin da ke cikin ƙwaƙwalwa da laka da bayan ido suna da wata riga mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. A cutar MS garkuwar jikin mutum ce da kanta take kai wa wannan riga hari, ta ƙwarzane ta wuri-wuri. Inda aka ƙwarzane sai saƙo ya riƙa tafiya a hankali ko ya tsaya. In a jijiyar ido ne gani ya dushe, in a laka ne ƙafa ta sage ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Ka ga ke nan garkuwar ba rauni ta yi ba, ɓatan kai ta yi. Da a ce da gaske citta na ƙarfafa ta yadda ka faɗa, ai da mun hana masu cutar sha. Magungunan da ake bayarwa duk aikinsu rage mata kaifi ne. Wanda ake yi wa ƙanwar Maman Nabila hana ƙwayoyin garkuwa tsallakawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa yake yi.

Sai maganar waɗanda ka ga sun sha sun miƙe. Ban ƙaryata idonka ba. Amma kusan kashi 85 cikin 100 na masu MS da irin mai zuwa ta lafa suke farawa. Ciwon ya taso, ya yi makonni, ya kwanta da kansa, ko an sha magani ko ba a sha ba. Ku duba abin da 'yar uwa ta rubuta: idon ya washe da kansa. Da a makon aka ba ta citta, da yanzu duk dangi sun shaida citta ce ta buɗe idon. Abin da ya sa cutar ke da daɗin talla ke nan a wurin masu bidiyo. Duk abin da ka ba mutum a lokacin da ciwon ya taso, zai ga sauƙi daga baya, ya dawo ya yi maka godiya, alhali a hoton ƙwaƙwalwa sababbin tabo suna ta ƙaruwa shiru.

Maman Nabila: Dakta, wallahi ka taɓa inda yake min ƙaiƙayi. Haka take cewa, ai ta ji sauƙi, me ya sa za a ci gaba da huda ta.

Dakta Shehu: Yaya, ki kira ta yau, kada ki bari sai gobe. Natalizumab yana cikin magungunan da ba a yanke su haka kawai. In aka tsaya ba tare da an shirya wani a madadinsa ba, cikin 'yan watanni ciwon kan dawo, wani lokaci da ƙarfin da ya fi na farko. In zaryar ce ta ishe ta, ta gaya wa nas ɗinta ta MS, akwai magungunan da ake yi sau biyu a shekara, akwai na haɗiya, akwai allurar da mutum ke yi wa kansa a gida. Canzawa abu ne da ake yi kullum, amma su za su tsara.

Alhaji Na Kurmi: To Dakta, in ba sanyi ba ne, me ya sa cutar ta fi yawa a ƙasashen sanyi? Ko wannan ma ƙarya ce?

Dakta Shehu: A nan ka yi gaskiya Baba. Ta fi yawa a ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya: Kanada, Suwidin, Nowe, Sikotlan. Tsibiran Okni da ke arewacin Sikotlan suna cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Abin da ake dangantawa da hakan shi ne ƙarancin hasken rana da bitamin D, da gado, ba sanyin da ke shiga ƙashi ba. Shan taba da ƙiba tun ƙuruciya ma suna ƙara haɗarin. Sannan a 2022 masana na jami'ar Habad sun fitar da binciken da suka yi a kan bayanan sojojin Amurka sama da miliyan 10, suka ga haɗarin kamuwa da MS ya ninka sau 32 bayan mutum ya kamu da wata ƙwayar cuta da ake kira EBV. Kusan kowa a cikinmu yana ɗauke da ita tun yarinta, kaɗan ne take zame wa silar wannan ciwo. A lissafin 2020, masu MS a duniya sun kai wajen miliyan 2.8, mata sun ninka maza aƙalla sau biyu, kuma yawanci tsakanin shekara 20 zuwa 40 take bayyana.

Siracen nan kuwa, don Allah a bar shi. Zafi yana tsananta alamomin MS na ɗan lokaci, jijiyar da rigarta ta ƙwarzanu ba ta jure ɗumi. Kafin a samu MRI har gwaji ake yi da shi, a sa mutum cikin ruwan zafi a ga ko ganinsa zai dushe ko ƙafarsa za ta saki. Ka lulluɓe ta da bargo a kan tukunya, tana miƙewa sai ta zube.

Ummu Khairat: Innalillahi. To wankan jego fa in ta haihu?

Dakta Shehu: Da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba tafasasshe ba, kuma da wani a kusa. Dama watannin farko bayan haihuwa lokaci ne da ciwon ke yawan tasowa, duk da yakan lafa lokacin goyon ciki.

Ɗan Isfahan: Salam. Ni ɗalibin likitanci ne a Iran, kuma garin da nake yana cikin inda cutar ta yi yawa a ƙasar, har in ka shiga sashen jijiyoyi 'yan mata ne cike. Ina son in ɗan tsaya wa Baba Alhaji, don maganar citta ba daga iska ta faɗo ba. An yi bincike sosai, kuma da yawansa a nan aka yi shi.

Dangin citta suna da yawa: citta mai yatsu, kurkum, citta mai 'ya'ya, hel da Larabawa ke sa wa gahawa, da kulinjan na ƙasashen Asiya. A citta akwai sinadarin jinjarol, wanda in ta bushe ko ta dahu wani ɓangarensa ke komawa shogawol, shi ya sa busasshiya ta fi ɗanya yaji. A kurkum akwai kurkumin, mai ba shi launin ɗorawa. A ɗakin gwaji duka suna rage kumburi. Tun 2002 wasu masana a jami'ar Bandabilt ta Amurka suka nuna kurkumin ya rage shanyewar jiki a ɓerayen da aka sa musu ciwo mai kama da MS. A Iran ma an maimaita irinsa da ruwan citta, aka ga ɓerayen sun fi samun sauƙi.

A kan mutane, akwai gwajin da aka buga a 2023: mutum 52 masu MS, rabi ana ba su citta miligiram 500 sau uku a rana, rabi ana ba su ƙwayar da babu komai a ciki, har mako 12. Waɗanda suka sha cittar ƙullewar ciki da tashin zuciya sun ragu musu, kuma masu binciken sun ce sun ga ɗan sauyi a ma'aunin nakasa da wasu alamomin kumburi a jini. A Tabriz kuma an gwada kurkumin da aka sarrafa ƙanana-ƙanana, miligiram 80 kullum har wata 6, aka ga alamomin kumburi sun sauka. Saboda haka a ganina kada a watsar da abin gaba ɗaya.

Alhaji Na Kurmi: Allah ya yi maka albarka ɗana. To Dakta ka ji, naku ne ya faɗa.

Dakta Shehu: Na ji, kuma duk abin da ƙanena ya kawo haka yake. Amma ƙanena, amsa min biyu. A gwajin Tabriz, an cire wa mutanen maganin asibiti ne aka ba su kurkumin?

Ɗan Isfahan: A'a Yallaɓai, suna kan allurarsu ta MS mai suna intaferon, ƙari aka yi musu.

Dakta Shehu: Madalla. Na biyu, ciwon da ake auna tafiyarsa da shekaru, wanda mutum kan yi shekara guda ko biyu bai taso masa ba, me mako 12 zai nuna a kan mutum 52? Magungunan da aka amince da su sai da aka gwada su a kan ɗaruruwa zuwa dubban mutane, shekara biyu ana ƙirga sau nawa ciwon ya taso, ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Natalizumab da ake yi wa yarinyar nan ya rage tasowar ciwon da kusan kashi biyu cikin uku a babban gwajinsa. Wanda na sani da ya yi ƙoƙarin bin kurkumin tsawon shekara biyu shi ne na Italiya, mutum 80, shi ma ƙari a kan intaferon. Da yawa suka fice kafin a gama, kuma a ƙarshe ba a samu bambancin da za a kafa hujja da shi ba.

Ɓeraye kuwa, Allah ya jiƙan ɓera. Abubuwan da suka warkar da wannan ciwo a jikinsa ba su ƙirguwa. Shi ciwon nasa sa masa ake yi da allura, an san ranar da ya fara, sau da yawa ma ana fara ba shi maganin kafin alamomi su fito, kuma adadin da ake ɗura masa in aka auna da nauyin mutum ba abin da za ka sha a shayi ba ne. Har akwai maganin da ya yi kyau a ɓera, aka zo kan mutane ya ƙara musu ciwon, dole aka tsayar da gwajin.

Ɗan Isfahan: Wannan haka ne. Amma maganar ƙullewar ciki ba ƙarama ba ce Yallaɓai, masu MS da yawa ita ce ta fi damunsu kullum. In citta ta rage musu wannan kaɗai ai ta yi wani abu.

Dakta Shehu: A nan ba mu da faɗa. Ta sha shayinta da citta, ta sa a miya, ta sa a kunu. Amfaninta ga tashin zuciya yana da hujja mai kyau, har masu laulayi ake ba. Inda na tsaya shi ne kalmar warkarwa.

Malam Abu Sumayya: 'Yan uwa kada mu manta Allah ya ambaci zanjabil a Alƙur'ani, Suratul Insan aya ta 17. Kuma ya tabbata a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani.

Ustaz Ɗan Tudu: Haka ne Malam, amma ayar tana siffanta abin shan 'yan Aljanna ne, Allah ya sa mu sha. Ba ta ce maganin jijiya ba ne. Hadisin kuma akwai ruwayar da ta ƙara cewa wanda ya sani ya sani, wanda ya jahilta ya jahilta. Wato neman sanin ake yi. Ni abin da nake ƙi shi ne mai kayan sayarwa ya jingina kwalbarsa da aya, in ba ta yi aiki ba mara lafiya ya koma zargin imaninsa.

Malam Abu Sumayya: Ban ce a bar asibiti ba Ustaz.

Ustaz Ɗan Tudu: Na sani, ba da kai nake ba, da mai bidiyon nake.

Anti Famasis: Na shigo a makare. Maman Nabila, a cikin haɗin Hajiya abin da ya ɗaga min hankali masoron ne, kuma ba wanda ya taɓo shi.

Kurkumin kaɗan ne a cikin garin kurkum, kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100. Wannan kaɗan ɗin ma hanji ba ya tsotsarsa sosai, wanda ya shiga kuma hanta ta yi maza ta fitar da shi. Shi ya sa na miya ba ya cutar da kowa, shi ya sa kuma da wuya ya isa ƙwaƙwalwa. Sai a 1998 wasu masana a Bangalo ta Indiya suka nuna in aka haɗa shi da fiferin, sinadarin yajin masoro, abin da ke shiga jini yakan ninka har sau 20. Daga nan kamfanoni suka rungumi haɗin, da yawa daga cikin kafson kurkum da za ki gani yanzu da masoro a ciki.

Yadda masoron ke yin haka shi ne yana rage wa hanji da hanta saurin sarrafa abin da ya shigo. To ba kurkumin kaɗai yake yi wa haka ba, har wasu magungunan asibiti. Sannan an samu mutanen da kafson nan ya kumbura musu hanta. A Italiya a 2019 sama da mutum 20 aka samu. A Amurka cibiyar da ke bin diddigin magungunan da ke lalata hanta ta ba da rahoton mutum 10, aka kwantar da 5, aka rasa 1, kuma 7 daga cikinsu suna da wani nau'in gado iri ɗaya. Ba za ka san kana da shi ba sai abin ya same ka. Yanzu ki haɗa da cewa magungunan MS da yawa dama ana bin hanta da gwajin jini saboda su. In gwajin ya tashi, likita bai san tana shan wani abu a gefe ba, sai ya ɗora laifin kan maganin da ke tsare ta ya cire shi.

Wanda ke shan maganin tsinka jini irin wafarin, ko mai tsakuwa a matsarmama, shi ma ya yi hattara da kafson citta da na kurkum.

Maman Nabila: Anti, na Hajiya ba kafso ba ne, gari ne aka daka a gida. Shi ma?

Anti Famasis: Ya danganta da yadda za a sha. In barbaɗawa za ta yi a abinci kamar yaji, lafiya lau. In kuma cokali-cokali za a riƙa kaɗawa a ruwa sau uku a rana wata da watanni, ya zama magani, dole likitanta ya sani. Ta ɗauki hoton abin ta nuna wa nas, ba za su yi mata dariya ba, sun saba da mutanen Indiya da Fakistan masu zuwa da irinsa. In ta ga idonta ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko jiki na ƙaiƙayi, ta tsaya ta je a duba. Wani abin kuma, kurkum ɗin a sayi saiwarsa a daka. A Bangaladash an gano ana zuba wa kurkum wani fenti mai gubar dalma don ya ƙara haske. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba sai an yi mana bayani ba.

Ɗan Kachia: Ni dai manomin citta ne, kuma ɗan manomi. Da tana maganin shanyewar jiki da babu gurgu ko ɗaya daga Kachia har Kwoi, don mu har a ruwan wanka ƙamshinta muke ji. Tun da cutar citta ta cinye mana gonaki a 2023 buhu ya yi tsadar da ba mu taɓa gani ba, sai ga shi yanzu kowa ya zama likitan citta a waya. Ku saya don Allah, muna so, amma ban sayar wa kowa da sunan maganin ƙwaƙwalwa ba.

Baban Twins: Ɗan Kachia ka kashe kasuwarka da bakinka 😂

Ɗan Mai Wurno: Mu nan Sudan ba a shan jabana, wato gahawa, sai da citta, shayi kuma da habbahan, wato hel. Duk da haka akwai masu cutar a Khartum, na san wata malamar makaranta da ke fama da ita.

Alhaji Na Kurmi: Kun taru a kaina. To ni tambaya ɗaya zan yi, ku ba ni amsa tsakani da Allah. Ita wannan tana ƙasar da gwamnati ke biya mata. Talakan da ke Rimin Gado in ya kamu, wa zai saya masa ruwan nan naku? Ko hoton MRI ɗin sai ya sayar da akuya. In ya zo rumfata in ce masa ya koma gida ya zauna? Mu muke tare da mutanen nan, ku sai an yanki kati ake ganinku.

Dakta Shehu: Baba, wannan tambayar ta fi duk abin da aka faɗa yau nauyi, kuma ba ni da amsar da za ta faranta maka. Magungunan suna da tsada ƙwarai, likitocin jijiyoyi kuma sun yi mana kaɗan. Ɗan abin da ya motsa shi ne a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS guda uku a jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada: rituksimab, kiladiribin da gilatirama. Rituksimab ana samunsa a manyan asibitocinmu saboda masu ciwon daji na amfani da shi, kuma yawanci sau biyu a shekara ake yi. In ciwon ya taso da ƙarfi, allurar sitiroyid ta kwana 3 zuwa 5 tana gaggauta lafawarsa, ita kuma ba ta kai waɗancan tsada ba. Gashin ƙashi da motsa jiki suna taimakawa sosai.

Abin da nake roƙonka shi ne, in matashi ya zo maka ido ɗaya ya dushe, ko ƙafafu sun mutu cikin kwanaki, ko fitsari ya ƙi fita, ka ba shi cittarsa in kana so, amma ka ce masa ya wuce asibitin koyarwa a ranar. A wurinmu sau da yawa ba MS ba ce ma. Tarin fuka na ƙashin baya yana kawo haka, kuma maganinsa kyauta ne. Ƙarancin bitamin B12 yana kawo haka. Ƙari da ke danne laka yana kawo haka. Waɗannan duk in aka yi jinkiri ƙafar ba ta dawowa.

Alhaji Na Kurmi: Turawa asibiti ina yi dama. Amma ban yarda cewa sai abin da aka gwada a Turai ne magani ba.

Ɗan Isfahan: Baba ai ba sai a Turai ba. Cittar Kachia tana cikin masu ƙarfi a kasuwar duniya. Jami'o'inmu ne ya kamata su gwada ta yadda ake gwaji, a san nawa ake sha, a san me take yi da me ba ta yi.

Hauwa Kalgari: Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Ni ina da cutar, a Kanada nake. Maman Nabila, gajiyar da ƙanwarki ke faɗa ki ɗauke ta da gaske, ba shagwaɓa ba ce. Akwai wata kasala da ke zuwa da ciwon nan wadda barci ba ya maganinta, ga kewar gida, ga kowa na ce miki ai kin yi kyau ba ki yi kama da mara lafiya ba. Ni ina shan shayin citta kullum da safe, yana kwantar min da ciki bayan ƙwayoyina, likitata ta sani. Kafson kurkum kuwa ta ce in bari saboda gwajin hantata ya taɓa hawa. Shawarata kada ku ce wa Hajiya kayanta ba su da amfani, uwa ce, abin da hannunta zai iya ke nan daga nesa. A karɓa, a ce an gode, a sa a girki. In ƙanwar taki tana so ki haɗa mu, mu riƙa gaisawa.

Maman Nabila: Allah ya saka da alheri Anti Hauwa, zan yi miki magana ta gefe. Na kira ta, ta ce ranar Talata ne ƙarin ruwanta kuma za ta je. Hajiya ce dai har yanzu take cewa a bar masoron a ciki, wai shi ne mai aikin.

Anti Famasis: Ki ce mata famasis ta ce yaji ya yi yawa, a raba shi daban 😄

Abban Sadiq: Dakta yi haƙuri in shigo da tawa. Ƙanena ɗan shekara 24, a Kano. Watannin baya ya yi ta shaƙuwa da amai ba tsayawa, kusan mako biyu, muna ta ba shi ruwan citta da kanumfari. Ya lafa. Yanzu kuma idonsa na dama ya rufe gaba ɗaya, na hagun ma ya fara, ƙafafunsa sun yi nauyi. A gida an ce shafar aljanu ce, ana ta ruƙiyya. Ita ce MS ɗin?

Dakta Shehu: Malam, ba zan iya yanke hukunci ta waya ba, amma abin da ka lissafa ya fi kama da wata 'yar uwarta da ake kira NMO, kuma ita ta fi yawa a tsakanin baƙar fata da mutanen Asiya fiye da Turawa. Shaƙuwa da amai marasa tsayawa suna cikin alamominta da aka sani, daga nan ta kama ido da laka. Ta fi MS saurin makantarwa, kuma abin da ta ɓata ba ya cika dawowa da kansa. Da can ana haɗa su wuri ɗaya, sai a 2004 aka gano gwajin jinin da ke raba su, ana kiransa akwaforin 4. Rabewar na da muhimmanci, don wasu magungunan MS, har da intaferon da natalizumab, suna iya tsananta ta.

Ku ci gaba da addu'a, amma a kai shi sashen gaggawa na asibitin koyarwa yau ɗin nan, kada a jira ranar asibitin jijiyoyi. Ku faɗa musu maganar shaƙuwar da aman ko ba su tambaya ba, da ranar da idon ya fara. Ku tafi da duk abin da yake sha, na kemis da na gida. Za su so hoton MRI na ƙwaƙwalwa da na laka, kuma in sun zargi ita ce ba sai sun jira sakamakon jinin ba kafin su fara allura.

Abban Sadiq: To Dakta. Bari in nemo mota.